Wayfai ɗin Baba Mala

Duk wanda ya zauna da Baba Mala a unguwar Gomari ya san ba ya kai hannu ga abu sai ya tambaya: "Na waye?" Ka miƙa masa dabino, "Na waye?" Ka shimfiɗa masa tabarma a gidan suna, zai tsaya a gefenta da takalmi a hannu har sai an faɗa masa mai ita. Ranar sadakar ukunsa muna zaune kowa ido ya kumbura, sai wata gwaggonmu ta kwaikwayi muryar nan tasa, da Hausarsa mai gishirin Kanuri. Wallahi dariya ta kuɓuce mana, muna yi muna share hawaye.

Ni Fanna, 'yar ƙaninsa ce, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Wankin hula ne sana'arsa a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Bai yi boko ba, kuma ba ya yarda a kira shi malami. Abin da dai ya riƙe shi ne kada ya ci haƙƙin kowa, ya kuma riƙe shi har yana ba mu haushi.

Maƙwabcinmu na jikin katanga Oga Emeka ne, mai sayar da kayan gyaran mota. Wata shekara Bukar, babban ɗan Baba da ke aiki a Fatakwal, ya aiko masa da babbar waya. Baba ya yi azumin nan gaba ɗaya yana sauraren tafsiri a cikinta, yana ta yabon kamfanin waya wai datarsu akwai albarka, ba ta ƙarewa. Da Bukar ya zo hutun salla ya duba wayar, sai ya yi dariya.

"Baba, ai ba datarka kake sha ba. Wayfai ɗin Oga Emeka ne, bai sa masa fasuwod ba. Wani cikin yaran gidan nan ya haɗa maka."

Baba ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Kana nufin tafsirin nan duka, da kayan mutum na ji shi?"

"Ba komai fa, Baba."

"Inna lillahi! Maganar Allah da kayan sata!"

Ko hula bai tsaya sawa ba, shi da bai taɓa leƙa ƙofar gida kai a buɗe ba. Na bi shi da ita a hannu. Ya sami Emeka yana wanke mota, ya durƙusa masa. Emeka ya yar da bokiti.

"Baba, tashi don Allah! Me ya faru? Wani ya mutu?"

"Na yi maka sata, maƙwabci. Wata guda ina shiga gidanka ta iska ban yi sallama ba."

Da Emeka ya fahimci zancen sai da ya dafa mota don dariya. Ya ce abin ba ya ƙarewa, ko unguwa duka ta sha bai rage masa komai ba, ya yafe duniya da lahira. Baba ya ce ya maimaita a gabana, in zama shaida. Ya maimaita. Muka ɗauka magana ta mutu. Ina! Washegari Baba ya sayi data da kuɗinsa, ya zauna ya sake sauraren tafsirin tun daga Fatiha.

"Baba, me kake yi haka?"

"Ramuwa," in ji shi.

Bayan wannan ne Bukar ya ce gara a sa masa nasa, kowa ya huta. Mutumin kamfani ya zo ya kafa 'yar na'urar a falo. Kafin ya tafi Baba ya riƙe shi da tambaya: wa da wa ya halatta su sha? Mutumin ya ce tsarin na gida ɗaya ne, mutanen gidan da baƙinsu, ba a raba wa wasu gidaje. Baba ya ce, "Na ji, na ɗauki alkawari." Mutumin ya dube ni, don da alama babu wanda ya taɓa ba shi irin wannan amsa.

Ba a yi mako ba maƙwabta suka fara zuwa. Malam Usman tela ya kawo shawarar a haɗa hannu gida huɗu ana biya tare, kamar yadda ake yi a ko'ina. Hajja Yagana, wadda mijinta ya rasu, ta ce 'yarta na shirin jarrabawa, karatun kuma duk ya koma waya. Baba ya shiga damuwa sosai, abinci ma ya rage ci. Ya ce mini, "Fanna, maƙwabci yana da haƙƙi a kaina. Alkawari ma yana da haƙƙi. In hana marainiya karatu, ko in ci amanar mutanen da ba sa ganina?"

Sai ya sa na raka shi ofishin kamfanin. Wata budurwa a bayan tebur ta saurare shi, ta yi murmushi, ta rage murya.

"Baba, ka ba su kawai. Kowa haka yake yi. Babu mai gani."

"Babu mai gani?"

Ya ɗaga yatsa sama. Yarinyar ta bi yatsan da ido har silin.

"A'a Baba, kyamarar nan ba ta aiki."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "'Yata, wadda nake nufi ba ta taɓa lalacewa ba." Sannan ya tambaye ta, baƙo fa, nawa aka yarda mutum ya yi? Ta ce ba a ƙayyade ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙe.

Daga ranar zauren gidanmu ya koma wani abu dabam. Baba ya sayo tabarmi, ya sa aka buɗe ƙofa. Duk mai son wayfai ya shigo, ya yi sallama, ya zauna, a zuba masa shayi. Shayin nan dole ne, wai baƙon da bai sha komai ba ɗan wucewa ne. Mata da 'yan mata suna ciki wajena. In ya hango saurayi ya jingina da katanga daga waje yana latsa waya, sai ya leƙa: "Kai! Shigo ka zama halal!" Malam Usman ya yi fushi da farko, ya ce wannan wahalar da kai ce, daga baya shi ne mai zuwa da sukari. 'Yar Hajja Yagana a ɗakina ta yi karatunta har ta ci jarrabawar.

Fasuwod ɗin ma shi ya zaɓa: kajitsoronAllah. Wani saurayi ya ce mini, "Anti Fanna, wallahi in ka rubuta wannan da hannunka, akwai abubuwan da ba ka iya buɗewa." Da na gaya wa Baba, ya ce, "To, ya yi aikinsa."

Sai shekarar ambaliya. Ku da kuke garin nan ba sai na ba ku labari ba. Mu ruwa bai iso mu ba, amma mutane sun iso. Daga Jiddari Polo da sauran unguwannin da ruwa ya ci, suka cika layinmu da ƙullin kaya a ka, wasu ko takalmi babu. Zaure ya cika, tsakar gida ta cika, sauran suka zauna a bakin titi. Kowa na neman wani nasa, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Namu wayfai ɗin, da yake Bukar ya haɗa masa sola, yana aiki.

Wata mata tana zaune a tsallaken titi, ba ta kuka, waya kawai take juyawa a hannu. Baba ya je ya tambaye ta. Ta ce wajen gudu ta rabu da 'ya'yanta biyu, an ce ana sa hotunan yaran da aka tsinta a intanet, ita kuma ba ta da data. Ya daɗe tsaye a kanta. Ya dawo ya ce mini, "Cire fasuwod ɗin."

"Baba, alkawarin fa?"

"Cire. Wannan ni zan amsa shi."

Ya sa aka ɗaga na'urar aka ɗaure a saman taga don ta kai nesa, ya bi layi da sandarsa yana yi musu sannu da Kanuri, "Wushe, wushe, ku kama, a buɗe yake." Kafin la'asar matar nan ta ga hoton yaranta a wata makaranta da aka tara mutane. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Emeka ne ya kai ta a motarsa, shi ma ya ce kowa ya kama nasa wayfai ɗin.

Da ruwa ya janye, Baba ya sa babbar riga ya koma ofishin nan, ya nemi manaja. Ya ce ya karya alkawari da saninsa, ga dalili, a yanke masa abin da ya dace. Manajan ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce shi ma ruwa ya ci gidansa, a gidan surukai ya kwana a kwanakin nan, ya ce Baba ya je, babu komai. Baba ya gode, amma a hanya ya ce mini hankalinsa bai gama kwanciya ba, wai yaron ma'aikaci ne, ba shi ne mai kayan ba.

A ciwonsa na ƙarshe ina zaune kusa da shi, na ce, "Baba, ba ka gaji ba? Duk wannan takura kai a kan abin da ko a hannu ba a riƙewa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ni matsoraci ne, Fanna. Tsayuwar can tana da tsawo, ga ni da ciwon gwiwa."

Na yi dariya, shi ma ya yi, har tari ya kama shi. Bayan kwana kaɗan ya cika, da rana, bayan ya yi azahar a zaune.

Ya Allah, ga bawanka Mala ya zo gare Ka. Ka sauƙaƙa masa hisabi, Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ka yalwata kabarinsa, Ka zaunar da shi a inuwarKa. Mu da ya bari, Ka ba mu ko kaɗan daga irin tsoron da ya ji. Amin.