Azariya Ya Kwashe Shanyar Kifi

Duk Kwoi babu mai tsoron hadari kamar Azariya namu. Tun yana goye ake shanya citta a kan dutsen bayan gidansu, tun yana rarrafe ya san doka ɗaya: gajimare ya yi baƙi, a kwashe shanya. Ko a coci yake, fasto na tsakiyar wa'azi, iska ta ɗan kaɗa labule, sai dai ka ga takalminsa a ƙarƙashin benci, shi ya kai gida. Ranar aurensa ma amarya Joanna ita kaɗai ta yanka kek.

Shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonaki, ya zauna ba shanya ba kwasa. Sai Zubair, ɗan wani mai shago a Kafanchan, wanda ke dafa abinci a jirgin kamun kifi can Norway, ya samo masa gurbi. Mutumin da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne na Matsirga, shi ma daga nesa, rungume da bishiya!

"Baban Emilia," Zubair ya ce wa Azariya ranar da za su tashi, "tafiyar farko gwaji ce. Kyaftin ya ce ka yi, ka zauna. Ya ce ba ka yi ba, sai Kwoi."

"Malam Zubair, ni da na yi noman citta? Wane aiki zai ba ni tsoro?"

Aikin bai ba shi tsoro ba, ƙasar ce ta rikita shi. Rana takan leƙo, ta ji sanyi, ta koma. Majina ta daskare masa a gashin baki har sai ya ɓalle ta kamar alawa. Jirgin kuma ya hau ya sauka, cikinsa ya bi, abin da ya ci tun Kirsimetin bara sai da ya dawo. Duk da haka ya ja taru, ya jera kifi a akwatuna, ba wanda ya kushe shi.

Ran nan suna hango gari, sama ta haɗe. Iska ta fara kuka a jikin igiyoyi, teku ta koma toka-toka. Azariya ya ji daɗi, za a gudu gida. Sai ya ga jirgi ya juya wa garin baya.

Ya faɗa kicin. "Malam, direban nan lafiyarsa? Ga gida can, yana kai mu daji!"

"Bakin gaɓa duk duwatsu ne. Muka matsa, ruwa ya maka mu a kai."

"To hadari yana zuwa, a gudu wajen hadari?"

"Zauna ka sha shayi."

Shayi! Ya leƙa waje. Ma'aikata sun ɗaure akwatunan kifi tamau a filin jirgi, sun shige ciki, kowa da kofinsa. Ga kaya a fili, ga ruwa na zuwa, ƙarti suna zaune. A Kwoi ko yaron goye ya yi haka sai ya sha bulala. Ya juya abin a ransa ta ko'ina, bai ga kansa ba. Can ya ce, af, ashe wannan ne gwajin. Kyaftin na son ya ga wa zai tashi.

Ya fita. Ƙanƙara na dukan fuskarsa ta gefe, don ruwan can ba daga sama yake saukowa ba. Ya kwance igiyar farko, ya kwance ta biyu, ya ɗora akwati a ka, har yana waƙar zumuntar coci. Sai ya ga wani tudu ya taso gaban jirgi, ya fi dutsen Kagoro, kuma tafiya yake yi.

"Yesu!"

Da ya buɗe ido yana manne da wani ƙarfe, bakinsa cike da gishiri, filin jirgi fes kamar an share. Wani ƙaton Bature ya jawo shi ta wuyan riga, ya jefa shi kicin. Kyaftin ya sauko ya yi ta magana, fuska ja kamar tattasai.

"Me yana cewa?"

"Wai me ya sa ka kwance kaya."

"Gaya masa ruwa zai jiƙa."

Zubair ya dafe kai. "Kifi, Baban Emilia? Daga ina muka ciro shi?"

Azariya ya dube shi, haƙora na kaɗawa don sanyi. "Amma ai mun riga mun ciro."

Zubair ya fassara. Kyaftin ya juya, ya haura abinsa. Sauran tafiyar a kicin Azariya ya yi ta, ɗaure da igiya a ƙugu, yana feren dankali.

Da iska ta lafa suka shiga tasha, kyaftin ya karɓi rigar ruwansa da takalman roba, ya ba shi hannu, ya miƙa masa wani ƙaton kifi. Azariya ya washe baki.

"Ka gani? Kyauta. Na ci gwaji ke nan?"

"Guzuri ne," in ji Zubair. "Ka gaida min su Joanna."

Yanzu acaɓa yake yi tsakanin Kwoi da Kafanchan. In ka hau bayansa ka tambaye shi teku, zai rage gudu ya ce maka har yau ba wanda ya yi masa bayanin laifinsa.