Wa ke tura keken Rabi?

Mushe Hamisu, malamin lakwal, wato makarantar bokon garinmu, ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni ina ban ruwa a garka, bakin tabki.

Na buɗe waya, sai ga 'yan kwamitin iyayen yara na lakwal ɗinmu sun riga kowa sa hotonsa. Wai "uba ne ga ɗiyanmu". Ku da kuka kore shi? Ko kunya babu.

Bari in tuna muku, tunda mantuwa ta yi muku yawa.

Rabi 'yar masunci ba ta tafiya, sai a keken guragu, hanyar lakwal kuwa rairayi ne. Mushe ya tsara wa 'yan ajinsa, kowane mako yara biyu su biya su turo ta. Duk wanda ya cika makonsa, sai Mushe ya aika wa ubansa takardar kira.

Ranar da tawa ta iso, da bulala na tafi, don na san halin ɗana Lawali, ba ya wuni bai sa ɗan wani kuka ba. Mushe ya dube ni ya ce, "Baban Lawali, aje bulalar nan. Zamna ka ji abin kirkin da ɗanka ya yi. In ka yaba mishi a gida, gobe ya ƙara."

Ya kuwa ƙara. Har ruwa yake ɗebo wa kakarsa ba a aike shi ba.

Sai aka kira taron iyaye. Shugaban kwamiti, mutumin da bai san ajin da ɗansa yake ba, ya miƙe yana gyara babbar riga: "Ba mu kawo ɗiyanmu lakwal su zama 'yan dako ba." Aka tafa masa. Aka rubuta ƙara, aka tura Mushe wani ƙauye can. Ni ma ina wurin, na yi shiru, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Iyaye suka hana yara turo ta, Rabi ta zauna gida.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Ɗan Issa ce, watan jiya. Ya rame. Bai ambaci ko ɗayanku ba. Cewa kawai ya yi, "Wa ke tura keken Rabi yanzu?" Na ce ana nan ana dubawa. Ƙarya na yi masa.

Ɗazu Lawali ya je ya turo Rabi zuwa gidan gaisuwa, ba wanda ya sa shi. Ta gabanku suka wuce, kuna kan tabarma kuna jan carbi, kuka sunkuyar da kai.

Ranar Litinin Lawali zai kai ta lakwal, ni kuma ina biye da su. Mai magana ya tare ni a hanya.

Allah Ya jiƙan Mushe Hamisu, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini shirun da na yi. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a.