Hoton Hajara da Ɗanta na Fari

Har yau ban manta da ranar da Malam Garba ya aike ni wani ƙauye ta hanyar Makoda ba, kyamara a wuya, 'yata Habiba a baya. Shekarun layin mai ne, lokacin da taki ya gagari manomi, maza suka watse ci-rani. Ku da kuke shagon yanzu, kuna dannawa ku gani nan take, sai na ɗan yi muku bayani.

Malam Garba shi ne mai shagon hotonmu a Bici. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, ya ɗauke ni ne don namiji ba ya shiga gidan matan aure. Kyamarar da ya ba ni baƙa ce, ƙarfe zalla, ga nauyi, jakarta ta fata duk ta sha hannu. In ka ɗauki hoto sai ka murɗa wani ɗan hannu da babban yatsa, ta yi ƙaras, lamba ta ƙaru a wata 'yar taga. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci. Ba a buɗe bayanta sai ya ƙare, in haske ya shiga komai ya ƙone. Sai ya cika Malam yake kai shi Kano wanki. A shekarun nan fim ya yi tsada, biki ya yi ƙaranci, fim ɗaya sai ya daɗe a ciki.

Wadda ta nemi mu je ita ce Inna Tasalla. Ɗanta Sule ya tafi Ikko tun matarsa Hajara tana da ƙaramin ciki, har aka haihu aka yi suna bai samu zuwa ba. Ya aiko a tura masa hoton yaron da uwarsa. Direban da zai kai kuwa jibi zai tashi, in ya tafi ba a san ranar dawowarsa ba. Na leƙa 'yar tagar, fim ko rabi bai kai ba. Kafin in fito kuwa Malam ya ce da ni: "Ba na kai rabin fim wanki, ko ɗan wane ne."

Da na faɗa wa Inna, ta ce in dai fuskoki ake nema, ƙauyensu bai rasa su ba. Ta leƙa ta kan danga ta yi magana, kafin in gama shan ruwa tsakar gida ta cika. Wata ta zo da mudun gyaɗa a madadin kuɗin hoto, wata daddawa, Rifkatu ta gidan Kirista da ke bayan rijiya ta kawo ƙwan zabi. Yawancinsu ba a taɓa ɗaukarsu hoto ba. Gyale mai kyau ɗaya ne a wurin, koren nan na Inna, shi ya yi ta zagayawa daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Kuma ba wadda ta yarda ta tsaya ita kaɗai, kowa sai ta ce a miƙo mata jaririn. Gwaggo Delu da ba ta da haƙoran gaba ta dage sai ta yi murmushi, suka ce ta rufe ƙofar kar Sule ya tsorata. Ta ce tun yana tsirara ya san bakin nan.

Hajara ce kawai ta ƙi. Ɗan fari ne, ba za ta ɗauke shi a gaban surukarta ba, ko kallonsa ba ta yi, balle ta faɗi sunansa. Da an turo ta sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta gudu madafi. Inna tana ta dariya tana cewa 'yar gidan mutunci ke nan. Ni kuwa lamba tana ta hawa, ga Habiba jikinta da ɗan zafi tana kuka a bayana, ina tunanin ko zan samu babur ɗin komawa. Amma na san halin da Hajara take ciki. Habiba ma ta fari ce, na san sai ɗaki ya zama ba kowa nake ƙare mata kallo.

Da ya rage saura ɗaya, na sauke kyamara na ce a ba ni ɗaki in shayar da yarinya. Jaririn ma ya gaji da hannuwa yana neman nono, aka tura mu ɗakin Hajara tare. Muka zauna, kowa tana shayar da nata. Da ya ƙoshi, sai ta manta da ni. Ta ɗaga shi ta haɗa hancinta da nasa tana yi masa wata magana ƙasa-ƙasa. Haske yana shigowa ta asabari. Ban kunna wutar hoto ba, kar na waje su gani. Na jingina da bango, na riƙe numfashi don kar hannuna ya yi rawa, na danna. Na murɗa, hannun ya cije, fim ya ƙare.

Ta ɗago a firgice ta ce, "Yaya, don girman Allah kar Inna ta gani."

Da na koma shago Malam ya kalli gyaɗa da daddawa, ya tambaye ni ko sana'a muka sake. Amma washegari ya kama hanyar Kano. Yinin nan ban iya cin abinci ba, don ɗakin da duhu, kuma ba gyara. Da ya dawo, hoton ya ɗan yi baƙi ta gefe, amma fuskokin biyu tar. Na faɗa masa roƙon Hajara. Ya sa shi a ambulan daban, ya liƙe, ya kai wa direba da hannunsa.

Sauran na kai wa Inna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk koren gyale, duk jikanta, ta tambayi na Hajara. Na ce ya tafi wurin mai shi. Ta tattara hotunan, sannan ta ce, "To, ai shi ya fi mu buƙata." Sule ya dawo kafin ruwan shuka.

Kyamarar tana cikin akwatin gilashin da ɗan Malam yake tara tsofaffin kyamarorin da yake sayowa a kasuwanni, ita ce ta gefen hagu. Ita ta koya mini cewa mutanenmu ba sa nuna abin da ke ransu a tsakar gida. In kuka ga mace tana ɓoye fuska, kar ku matsa mata. Ku rage mata ɗaya, ku jira.