Akwatin Andrawus

Afiniki ta tashi a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Kafanchan, 'yar wani mai gyaran taragu, a gidan da warin giris yake riga ƙamshin miya isowa ƙofa. Wanda ya girma a irin wannan gida ba ya tsoron ƙarfe, namiji ne ko mace. Wannan gaskiya ce mai sauƙi, amma dangin mijinta ba su sa ta cikin lissafinsu ba.

Mijin nata, Andrawus, mai faci ne, rumfarsa tana bakin tasha har rikicin 1987 ya cinye ta. Da ya tsaya kan tokar, sai ya ce ba zai ƙara kafa abin da wuta za ta tarar a tsaye ba. Ya sa aka ƙera masa akwatin ƙarfe, ya zuba jak da sifana da famfo da kayan faci, ya ɗaure a bayan babur. Daga ranar, duk motar da taya ta yi wa tsiya a hanyar Kagoro ko Zonkwa, direba sai ya ba wata mota saƙo, Andrawus ya same shi inda yake. Bai taɓa tambayar direba coci yake zuwa ko masallaci ba, a shekarun da kowa yake tambaya.

Da ciwon ƙirji ya kama shi, Afiniki ta fara bin sa. Yakan zauna gindin bishiya yana tari yana faɗa, ita tana kwancewa tana ɗaurewa. Direbobi sun gani, dangi kuwa suna gida.

Ya rasu a 1992, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Bayan makoki dangi suka zauna, suka yanke cewa babur da akwati na Martins ne, ƙanen mamaci, domin kayan sana'ar namiji namiji ke gadonsu. Ya kamata a yi wa al'adar adalci: an kafa ta ne don kada sana'a ta mutu marayu su rasa abinci. Amma Martins acaɓa yake so ya yi da babur ɗin, akwatin kuma ya riga ya yi wa wani mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, maganarsa. Al'adar da aka riƙe fatarta aka zubar da dalilinta ta zama ƙwace, ko da dattawa ne suka sa mata albarka.

Ranar da ya zo ɗauka, ya tarar da Afiniki zaune daram a kan akwatin.

"Matar Yaya, tashi mana. Kujera ta ƙare a gidan ne?"

"Wannan ta fi mini daɗi."

"Dattawa sun gama magana."

"Sun gama tasu. Ni ba a tambaye ni ba, tawa tana nan."

Suna cikin haka wani direban bas ya leƙo da saƙo: akori-kurar Malam Ƙasimu, ɗan kasuwar citta kuma tsohon abokin hulɗar Andrawus, ta yi faci kusa da Fadan Kaje, tayar kuma ta ƙi fita. Martins ya ga damar nuna wa gari cewa magaji ya kama aiki, ya tayar da babur. Afiniki ta ɗora akwatin a cinyarta ta haye baya. Bai ce ta hau ba, ba ta kuma nemi izini ba.

Suka tarar da motar cike da buhunan busasshiyar citta, an ɗaga ta a jak, an kwance notuna duka, tayar gaba tana nan liƙe kamar an yi mata walda. Laka da ruwan damina sun shiga tsakanin rim, wato ƙarfen tayar, da ƙarfen motar da yake zaune a kai, tsatsa ta haɗe su. Ga hadari yana haɗuwa ta wajen duwatsun Kagoro.

Martins ya ari guduma wajen direban akori-kurar ya hau duka. Ya yi harbi da ƙafa, ya rungumi tayar yana jijjiga har motar ta fara rawa a kan jak.

"Kai, bawan Allah, faci na kira, ba dambe ba!" in ji Malam Ƙasimu. "Ka lanƙwasa mini rim, da kanka zan tafi Zonkwa?"

"A kawo ciyawa a gasa wajen," in ji Martins yana haki. "Matar Yaya, buɗe akwatin ki ba ni kananzir."

"Ba zan ba ka ba."

"Kayana ne!"

"Wuta a gindin mota mai fetur? Na binne ɗaya, ba zan kai wa uwarku gawa ta biyu ba. Matsa."

Malam Ƙasimu ya dube ta. "Maman yara, ke ce dai kike yi marigayi yana tari. Bismillah."

Ta ɗaure zani, ta ɗiga kananzir a ramukan notuna, ta ba shi lokaci ya ratsa. Sannan ta yi abin da ya sa Martins dariya: ta mayar da notunan a kan tayar da ake son cirewa. Ta murza su da hannu har suka kusa kamawa, ta bar ɗan sarari. Ta buga wa tayar iskar da za ta ɗauke ta ɗan taƙi, ta sauke jak, ta ce wa direba ya ja a hankali, ya karya kan mota dama da hagu, ya taka birki da ƙarfi.

Dalilin a fili yake ga mai tunani. Hannun mutum ba ya fin tsatsa ƙarfi, amma nauyin mota da cittarta ya fi ta, notunan kuma suna nan don kada tayar ta fice gaba ɗaya. A birki na farko babu abin da ya faru. Aka sake. Sai aka ji ƙas! Da aka ɗaga motar, tayar ta zame a hannunta salin-alin. Ta zare ƙusar da ta huda ta, ta yi faci, kafin ta mayar kuma ta kankare tsatsar ta shafa giris kaɗan a wajen, yadda Andrawus ba ya taɓa tsallakewa.

Mai tsammanin hujja tana sauya zuciyar mai kwaɗayi bai san mutane ba. Martins ya share zufa ya ce, "Ko kin iya ko ba ki iya ba, al'ada al'ada ce."

Afiniki ta rufe akwatin ta sake zama a kai.

"To, hau babur ɗin ka tafi, Allah ya ba ka fasinja. Amma wannan, in kana so, sai ka ɗauka da ni a kai, ka kai mu gaban dattawa. In ka sauke mu, ka faɗa musu da me 'ya'yan yayanka za su ci tuwo."

Martins ya dubi Malam Ƙasimu, ya dubi direba, babu wanda ya kawar da kai. Ɗaga matar yayansa a bakin titi, makoki bai daɗe da watsewa ba, abu ne da ko dattawan ba za su iya kare shi a kai ba. Ya buga babur ya tafi shi kaɗai.

Ruwa ya fara sauka ana jan tamfol. Malam Ƙasimu ya ba ta gaban mota, ita da akwatin.

Babur bai dawo ba, ba ta kuma roƙa ba. Har ƙarshen shekarun 1990, motar da ta kawo saƙo ita take komawa da Afiniki, akwatinta a cinya. Dangin miji sun daɗe ba sa amsa gaisuwarta a coci, ita kuma ba ta fasa gaishe su da ƙarfi ba, don kowa ya ji wanda ya yi shiru. Masu faci na tasha kuwa, in suka kwance taya ta fita ba gardama, suka ga giris a bayan rim, sukan ce, "Matar Andrawus ta taɓa wannan."