Fentin Da Na Rantse Ya Bushe

Edita, sallama gare ka da masu karatu baki ɗaya. A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne, da mace ɗaya da 'ya'ya biyu, muna zaune a wani ƙauye kusa da Minjibir. Gonar gadonmu 'yar mitsitsiya ce, don a wajenmu gona na jingine da gona ne, shi ya sa na dogara da sana'ar zane. Ni ke zana zaki da ɗawisu a bayan manyan motocin da ke kai hatsi Dawanau, ni ke rubuta allon masu aski da masu shayi. Ina da hannu, ina kuma da girman kai. Babban abin tinƙahona shi ne na san halin fenti. Na ruwa, kafin ka je masallaci ka dawo ya bushe. Na mota da ake fesawa, ko shayinka ba ka shanye ba ya kama. Amma na mai, wanda nake zane da shi, sai ya kwana biyu ko uku kafin a taɓa shi, idan kuwa an labta shi da kauri, sai ya yi fata a sama, cikinsa yana nan ɗanye.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere gero yana ƙonewa kafin ya fitar da kai. Gidaje da yawa suka koma kwaɗon rama da tafasa, wa zai kira mai zane? Kananzir ɗin da nake tsinka fenti da shi ya yi wuyar samu, gwangwanayena suka daskare kamar tuwon jiya. Ana cikin haka wani alhaji mai sayen hatsi ya gina sito a bakin kasuwarmu, ya sa masa ƙofar ƙarfe, ya ce in shafa mata kore, in zana damin gero a tsakiya. Wata biyu rabona da aiki. Na duba ɗan kananzir ɗin da ya rage mini na ga ba zai kai ko'ina ba, sai na ɗauki kwalbar man gyaɗar da matata ta tatsa wajen ƙuli-ƙuli na tuttula a cikin fentin. Ba rashin sani ba ne. Maigidan da ya koya mini sana'a a birni ya sha gaya mana cewa man gyaɗa na miya ne, ko shekara zai yi a jikin ƙarfe ba zai bushe ba. Na ce a raina kaɗan ne, rana za ta gyara.

Ƙofar ta yi kyau, tana sheƙi. Na ce wa Alhaji kwana uku ta bushe. Rana ta uku ya zo ya shafa da yatsa, fatar saman ta kama, bai ga komai a hannunsa ba, ya yi ta sa mini albarka a gaban jama'a. Rana ta shida ya ce in shafe bayan ƙofar ta ciki da ragowar fentin saboda tsatsa, na shafe. Rana ta takwas, ranar kasuwa ce, aka wayi gari an ɓalle ƙofar da ƙarfe an yar da ita a ƙasa, an kwashe buhuna. Ba hatsin Alhaji kaɗai ba ne a ciki. Manoma da yawa sun kai irin shukarsu ajiya, don gudun kada yunwa ta sa su cinye shi a gida. Na ga dattawa tsaye a bakin siton suna kallon wurin da buhunansu suke a da.

Akwai wani mai jakuna daga ƙauyen gabas da mu, wanda ke ɗauko taki yana kai wa masu gonaki. Zai haura hamsin, mutum ne marar yawan magana. Ya shigo kasuwa da jakunansa biyu, sai wani ya lura da koren fenti a bayan rigarsa, daga kafaɗa har ƙugu. Kafin ya san abin da ake ciki an jawo shi gaban sito. Ya yi ta rantsuwa cewa jiya da azahar ya tsaya shan inuwa ya jingina da ƙofar daga waje, bai ma san rigarsa ta ɓaci ba sai yanzu. Alhaji ya ce ƙarya yake yi, wajen ƙofar ya daɗe da bushewa, shi da hannunsa ya taɓa, cikinta ne kaɗai ɗanye, duk wanda ya kwaso wannan fenti to ya shiga ciki. Wani ya duƙa ya shafa ƙofar da ke ƙasa, duk ta karce ta yi ƙura, ya ce a bushe take. Sai aka ce a kira mai zane ya raba gardama.

Na zo na tsaya, idanu duk a kaina. Alhaji ya ce, "Malam mai zane, tsakaninka da Allah, fentin da ya kwana takwas zai kama rigar mutum?"

Mai jakunan ya ɗago kai ya dube ni, mutum biyu suna riƙe da hannayensa. Ya ce, "Ɗana, kai ka san aikinka. Gaya musu."

Na san gaskiya yake faɗa. Ƙarfen da ya sha ranar azahar, ga nauyin mutum a kai, dole fatar ta zame. Amma faɗin haka yana nufin in tona kaina a tsakiyar kasuwa cewa na ha'inci Alhaji, kuma daga ranar babu mai sake ba ni ko allon shayi. Sai na ji bakina yana cewa fentina kwana uku yake bushewa, wannan na ciki ne. Har da rantsuwa na ƙara, alhali ba wanda ya nemi in rantse.

Ban rufe baki ba wani ya kai wa mai jakunan mari. Daga nan sai sanduna da duwatsu. Aka yaga rigar a jikinsa, aka kayar da shi a kan ƙofar, ana tambayarsa inda ya kai buhunan, yana salati yana cewa bai sani ba. Wani mahauci ya buga masa ƙotar gatari a hannu, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Wani ya taka masa fuska da takalmi. Jini ya rufe masa ido ɗaya, ya cakuɗe da ƙasa. Har jakunansa ba a bari ba, an yi ta jibgarsu suna kuka. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne, ni ma na doke shi. Na ga wasu suna kallona ina tsaye, na ji tsoron a ce ina shakkar maganata, sai na ɗauki wani guntun katako na sauke masa a haƙarƙari. Limamin garinmu ne ya ratso taron ya kwanta a kansa, ya ce duk mai son ƙarawa ya fara ta kansa. A amalanke aka tura mai jakunan zuwa bakin titi, aka nemi motar asibiti.

Da la'asar kasuwa ta watse, an jingine ƙofar a bango. Na je kamar mai wucewa na danna babban yatsana a kan koren da ke wajenta. Fatar ta zame, yatsana ya nutse. Na goge a ƙasa na tafi gida, na kasa cin abinci. Matata ta tambaye ni, na ce mata kaina ke ciwo.

Bai mutu ba, amma idon ya tafi, hannun kuma ya ɗoru a karkace. Bayan kamar wata guda aka kama ainihin ɓarayin a Dawanau da buhuna masu alamar Alhaji, baƙi ne da suka zo da mota. Mutanen garinmu kowa ya sunkuyar da kai, ana cewa ƙaddara ce. Ni kuma ƙofar ta ci gaba da tona mini asiri. Da zafin bazara ya tsananta fentin ya yamutse ya fara zubowa, ƙaiƙayi da ƙudaje suna manne masa. Alhaji ya kanƙaro kaɗan ya shinshina, ya ji ƙanshin man gyaɗa. Kafin kwana biyu magana ta kai ƙauyen gabas.

Babban ɗan mai jakunan, magidanci ne ƙaƙƙarfa, ya tare ni da hantsi a burtalin da ke tsakanin gonaki. Bai yi mini doguwar magana ba, ya tambaye ni kawai da wane hannu nake zane. Ya kayar da ni, ya take wuyan hannuna na dama a kan wani dutse, ya yi ta sauke mini ƙotar fartanya a kan yatsu har sai da na daina jin su. Ban kai ƙara ba. Da mai ɗori ya tambaye ni, na ce faɗuwa na yi daga keke. Yatsu uku suka sandare, daga ranar ban sake zana ko tsuntsu ba.

Da na warke na tafi gidan dattijon mai jakunan. Na same shi a zaure, na durƙusa na ce Baba, na zo neman gafara, na faɗa masa komai har da katakon. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce waɗanda suka doke shi ya yafe musu tun yana asibiti, don yunwa ce da rashin sani. Ya ce, "Kai kuwa ka sani. Ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe ba alhali zuciyata ba ta sauka ba. Je ka, ka dawo." Na koma sau uku. Kowane zuwa sai ya sa a kawo mini ruwa, mu gaisa, ya ce tukuna. Komawata ta huɗu na tarar ana zaman makokinsa.

Yanzu na tsufa, ina sayar da goro da 'yan kayan tireda. Na yi istigfari iya iyawata, amma na san haƙƙin bawa sai bawa ya yafe, kuma wanda zai yafe mini yana ƙasa. Ina kira ga duk mai sana'a, idan abu ya yi maka wuya ka faɗa wa mai aiki gaskiya tun farko, ƙaramin ha'inci ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Idan kuma aka kira ka shaida saboda ana ganin ka fi kowa sani, ka tuna kalma ɗaya daga bakinka ta fi sandar mutum ɗari nauyi. Masu gaggawar dukan wanda ake zargi, ku ji tsoron Allah ku jira bincike. Ni da na zaɓi mutuncina a ranar, ga shi na rasa mutuncin, na rasa hannun, ina jiran haɗuwa da mutumin nan a gaban Ubangiji. Ku sa ni a addu'a.