Rogon Don Nicomedes

Maƙwabcina Don Nicomedes Bonilla shekara arba'in da ɗaya ya yi yana yankan ciyawa a tsohuwar tashar nukiliya ta bakin tekunmu. Tun da aka kashe injin aka danne shi da kankare, ba abin da ya rage sai ƙubba da wayar shinge da shi Don Nicomedes. A jikin wayar ya shuka rogo da ayaba da kabewa. Ko kyauta ba mai karɓa, don tsoron guba.

Nakan ce masa, "Tsoho, wannan kabewar taka ai sai mutum biyu. Me take sha a ƙarƙashin ƙasa?"

"Abin da ba a ba ka ba kana yaro, gajere!"

Bara sai ga kwamiti, wai za a mai da wurin filin shaƙatawa. Mutanen gari suka ce a bar musiba inda take kwance. Shugabar kwamitin, Doña Irizarry, ta hau barandarsa da takalminta mai tsini, ta sha kofi biyu, ta ce in ya tsaya musu, ba mai taɓa gonarsa. A nan Puerto Rico, tsofaffinmu in ka sha kofinsu ka yi magana, an gama.

Na ce, "Ka sa ta rubuta."

Ya ce, "Wa zai karanta mana? Kai?"

Ranar taro suka tsayar da shi gaban jama'a da kwanon dafaffen rogo. Ya cinye tas, ya bugi ƙirji, ya ce shekararsa saba'in da takwas, ko asibiti bai sani ba. Aka yi tafi, aka ɗaga hannu, aka amince.

Wata shida sai ga katafila. Gonar, wai nan ne ya fi dacewa da ajiye motocin baƙi masu wasan igiyar ruwa. Kafin ya ɗaura takalmi an shafe ta. Ya je ofis, aka ce Doña an yi mata canjin aiki.

Yanzu hotonsa na bakin ƙofar filin, ya fi shi girma, rogo a baki, yana murmushi. Ranar buɗewa mai gadi ya tare shi, wai ba a shiga da adda.

Ya dawo ya zauna. Ina da tsokana a baki, na haɗiye. Can ya miƙo mini 'yan karan rogon da ya tsinto a bola.

"Bayan gidanka akwai wuri, gajere?"