Mutanen Katako na Buraima Kafinta

Buraima kafinta ne a Aboabo, wata unguwa a arewacin Gana, ƙofa da benci yake yi, kuma ba ya son ƙananan ayyuka. Amma shekarar da Gana ta samu 'yanci, wani malamin zanen gine-gine daga Kumasi, Masta Andani, ya zo da aikin da ya fi kowanne ƙanƙanta. Yana binciken yadda za a gina dandalin da zai ɗauki kowa, har makaho da gurgu da mai talla. Ya haɗa samfurin dandalin a kan faifan katako, saura mutanen katako da za a jera a ciki.

"Ba gunki ba ne," in ji Masta. "Kar ka sa musu fuska."

Buraima bai sa ba. Sai dai hannunsa bai iya ƙarya ba, wanda ya sani shi yake sassaƙawa. Ga Sanatu mai koko da doronta, ga Ɗankande makaho da sandarsa. Har matarsa Zuleha ya yi, mai tallar man kaɗe, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya ko da an ɗaure ta.

Wata safiya Masta ya ɗauke Sanatun katako daga gindin dogonyaro ya kai bakin titi a cikin samfurin, don ya ga tsarin. Washegari Sanatu ta kwashe tukwanenta ta koma bakin titi, ba wanda ya ce mata ta tashi. Buraima ya yi dariya. Da Ɗankanden katako ya faɗo daga tebur ya tsage, shi kuma Ɗankande ya zame a kwata ya karya ƙugu, dariyar ta ƙare.

Ya gaya wa Masta. Mutumin kirki ne, ya je ya duba makahon, amma ya ce sai an kai samfurin Ankara, babban birnin Gana da ke kudu, a nuna wa manya. Ranar da za a ɗora shi a mota, Buraima ya zare matarsa ta katako ya jefa a aljihu. Cikin damina ɗaya sauran mutanen da ya sassaƙa duk suka tattara suka yi kudu, kowa da dalilinsa, har makahon da ba ya iya tafiya.

Zuleha ta tsira, shi kuwa ya rasa inda zai ajiye ta katakon. Akwati akwai gara, ƙasa kabari ce, wuta kuma Allah ya kiyaye. Ya bar ta a aljihun gaba. Daga nan Zuleha ta daina talla. Inda yake nan take, a bakin shago, hannu a cinya, tana ramewa.

"Mai gida," ta ce masa bayan shekaru, "zuciyana yana kasuwa, amma ƙafana ya ƙi. Me na yi?"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san abin da ya yi. A lokacin an gina dandalin a Aboabo. Da hantsi ya je ya tsayar da Zulehar katako a kan dakalin tsakiya, inda ƙafafu da awaki da kekuna ke wucewa. Kafin azahar sai ga Zuleha da tire a ka, tana tsokanar masu saye, ko kallonsa ba ta yi ba.

Bai sake buɗe shagon ba. Ya zauna kusa da guntun katakon yana kare shi da tafin hannu, kuma duk wanda ya matso sai ya ce, "A hankali, akwai mutum a nan."